Buɗe Zauren Umarni da Cikakken Iko Daga Cikin Edita: Mas'alar Gadon Iko a Tsarin Unix

1.0 Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a wannan maƙala abu ne da ake yi kullum a ɗakunan kwamfuta na makarantunmu, amma ba safai ake tsayawa a bincika yadda yake aukuwa ba. Mutum yana zaune yana gyaran wani fayil a cikin edita, sai bukata ta taso ta ya ba na'ura wani umarni wanda ba ta karɓa sai daga mai cikakken iko, alal misali ya sake tayar da wata hidima bayan ya sauya dokokinta, ko ya girka sabuwar manhaja. Maimakon ya rufe edita ya fita, sai ya buɗe zauren umarni nan cikin editan, ya nemi iko, ya biya bukatarsa. Hanyoyin yin haka suna da yawa, kuma a ido duk ɗaya suke, domin kowace aka bi, ƙarshenta dai alamar # ce za ta bayyana tana jiran umarni. Makasudinmu shi ne mu nuna cewa a ƙarƙashi sun bambanta ƙwarai, kuma bambancin ya rataya ne a kan tambaya guda: wane ne ya riƙe ikon, editan ne ko kuwa zauren da ya buɗe? Za mu tsaya a kan tsarin Unix da danginsa, watau Linux da BSD da macOS, da kuma editoci biyu da suka fi daɗewa a hannun ma'aikata, vi da Emacs.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita kalmomi, tun da yake fannin bai daɗe da shiga bakin Hausa ba. Idan muka ce edita, muna nufin manhajar da ake rubutu da gyaran rubutu da ita. Zauren umarni kuwa shi ne abin da masu sana'ar suke kira shel, watau manhajar da take karɓar umarnin da mutum ya buga, ta fassara shi, ta sa a aikata. Mun zaɓi kalmar zaure ne domin nan ne baƙo yake tsayawa ya faɗi abin da ke tafe da shi kafin a shigar da maganarsa cikin gida. Asusun da yake da cikakken iko a kan na'ura sunansa root, kuma haka za mu bar shi. Sauran masu amfani da na'ura za mu kira su talakawa, ba don raini ba, sai don kalmar ta dace da matsayinsu: suna da iko a kan gidajensu, ba su da shi a kan gari.

2.0 Gadon Iko

Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara gina Unix a shekarar 1969 a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka. Dokar iko da suka shimfiɗa mai sauƙi ce, kuma har yanzu ita ce ginshiƙi. Kowane mai amfani da na'ura yana da lamba. Kowace manhaja da take gudana tana ɗauke da lambar wanda ya tayar da ita, kuma da wannan lamba ake auna abin da za ta iya karantawa ko rubutawa. Wanda lambarsa ta zama 0, shi ne root, shi kuwa ba a tambayarsa.

To, yaya sabuwar manhaja take samun lambarta? A Unix manhaja ba ta faɗowa daga sama. Wata manhaja mai gudana ce take rabuwa biyu, sa'an nan rabin na biyu ya tuɓe rigarsa ya sa ta sabuwar manhajar. Su kansu masu fannin uwa da ɗa suke kiran waɗannan biyun. Ɗan yana gadon lambar uwarsa, da jakar fayilolin da take ciki, da sauran kayan muhallinta, kuma gado ne wanda ba ya jiran mutuwa. Idan uwa talaka ce, ɗanta talaka ne. Idan uwa root ce, to duk abin da ta haifa root ne, har jikoki da tattaɓa-kunne. Ba a neman kalmar sirri wajen wannan gado, ba a kuma rubuta shi a wata rajista. Wanda ya riƙe wannan jimla ya riƙe rabin maƙalar nan.

Hanya ɗaya aka bari wadda ɗan talaka zai iya zama root, ita ce wata alama da ake yi wa fayil ɗin manhaja, mai suna setuid. Manhajar da ke ɗauke da alamar tana gudana da lambar mai fayil ɗin, ko da wa ya tayar da ita. Dabarar Ritchie ce, kuma an ba da takardar mallakarta a Amurka a 1979. A kanta manhajar su ta dogara, haka ma sudo. Bambancinsu shi ne, su tana neman kalmar sirrin root kansa, sabo da haka duk wanda aka gaya wa an ba shi gari gaba ɗaya. Ita kuwa sudo, wadda Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka fara rubutawa wajen 1980 a jami'ar jihar Niyok da ke Buffalo, kuma Todd Miller ya karɓi kulawa da ita tun 1994, kalmar sirrin mai neman take tambaya, sa'an nan ta duba wani fayil mai suna /etc/sudoers ta ga ko an yarje masa wannan umarni. Watau an ƙirƙiro ta ne domin a iya ba da iko a gutsure.

3.0 Asalin Ƙofar da ke Jikin Edita

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa edita da zauren umarni tun farko? Amsar tana cikin halin da aka yi aiki a shekarun 1970. Mutum na'urar bugu ɗaya gare shi, mai fitar da amsa a kan takarda, babu tagogi, babu linzami. Idan yana tsakiyar gyara ya so ya ga jerin fayilolinsa, ko dai ya adana aikinsa ya fita ya komo, ko kuwa editan ya yi masa hanya. Sai ed, editan Thompson, ya zo da umarnin !, wanda yake ɗaukar sauran layin ya miƙa wa zaure, in an gama a dawo bakin aiki. Bill Joy ya gaji wannan a cikin ex da vi, waɗanda ya fara a 1976 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ake da :! don umarni guda, da :sh don buɗe zaure sosai. Vim na Bram Moolenaar, mutumin Holan, wanda ya fito a 1991, ya riƙe su duka, sa'an nan a fitowa ta 8.1 a 2018 ya ƙara :terminal, mai buɗe zaure a gefe ɗaya na fuskar na'ura alhali rubutu yana ɗaya gefen. Emacs kuwa, wanda Richard Stallman ya fitar da nau'insa na GNU a 1985, ya wuce nan nesa, domin shi fassararren harshen Lisp ne sukutum wanda aka ɗora wa edita a kai.

Wannan ƙofa alheri ce a lokacinta, har yau ma alheri ce. Amma a lura, an yanke ta ne a zamanin da babu wanda ya yi tunanin za a ba mutum edita a hana shi zaure. Kuma ba editoci kaɗai ke da ita ba: less da more, waɗanda ake karanta fayil da su kurum, su ma suna amsa !.

4.0 Ɗaga Edita ko Barinsa Talaka

Hanyar da ta fi saurin zuwa hannu, kuma wadda muke ganin ɗalibai sun fi kamawa da wuri, ita ce a buga sudo vi /etc/hosts, a yi gyara, in bukata ta taso a buga :sh. Zaure zai buɗe da alamar # ba tare da an sake tambayar kome ba, domin uwa root ce. Aiki ya yi kyau, sai dai a duba abin da aka ɗaga. Ba fayil ɗaya aka ba iko ba, an ba manhaja ce mai layuka dubu ɗaruruwa, tare da duk ƙananan manhajojin ƙari da take lodawa, waɗanda sau da yawa mai su daga intanet ya kwaso, bai kuwa taɓa karanta su ba. Edita kuma ba marar laifi ba ne. A watan Satumba na 2017 an yi gaggawar fitar da Emacs 25.3 domin an gano cewa fayil da aka shirya da mugun nufi yana iya sa Emacs ya gudanar da umarnin Lisp da zarar an buɗe shi. A 2019 an sami makamancin haka a Vim, ta hanyar layin nan da ake sakawa cikin fayil don a gaya wa edita yadda zai nuna shi. Su masu Vim sun san wurin yana da santsi, shi ya sa suka kashe karanta wannan layi idan root ne ya buɗe editan, amma wannan kafa ɗaya ce aka toshe daga cikin masu yawa. Ɓarnar da irin wannan aibi zai yi a hannun talaka ta tsaya a gidansa. A hannun root ba ta da iyaka.

Akwai kuma ƙaramar fitina wadda ba ta kai wannan ba, amma ta fi yawan aukuwa. A wasu rabe-raben Linux, kamar Ubuntu kafin fitowar 19.10, sudo tana barin edita ya ci gaba da ɗaukar gidan talaka a matsayin gidansa. Sai editan ya rubuta fayilolinsa na tuni a can da sunan root. Gobe mai gida ya buɗe editansa a matsayinsa na talaka, ya tarar ba ya iya rubutu a cikin fayil ɗin da ke cikin gidansa. Haka nan idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gyara, abin da ba baƙo ba ne a ɗakunanmu, Vim yakan bar fayil ɗinsa na ajiyar wucin gadi a cikin /etc, mallakar root, ya riƙa yi wa duk wanda ya zo daga baya gargaɗin da ba shi da ikon kawarwa.

Hanya ta biyu ta juya al'amarin. A buɗe edita a matsayin talaka, sa'an nan daga cikinsa a buga :terminal sudo -i a Vim, ko kuwa a Emacs a buga M-x shell, in zaure ya buɗe a buga sudo -i. Yanzu uwa talaka ce, ta haifi sudo, sudo ta tambayi kalmar sirri, ta duba sudoers, ita ce ta haifi zaure mai iko. Ikon ya tsaya ga zauren da 'ya'yansa, ba ya hawa sama ya koma ga edita, domin gado gangarowa yake yi. Emacs har yana da wata kyakkyawar ɗabi'a a nan: yana sa ido a kan abin da zaure yake fitarwa, in ya ga ana tambayar kalmar sirri sai ya karɓe ta a layin ƙasa a ɓoye, don kada ta zauna a rubuce cikin allon.

Wannan ƙa'ida ita ce ta bayyana wata dabara da ma'abota Vim suka haddace, da yawansu ba tare da sun san dalilinta ba. Mutum ya buɗe fayil na root a matsayin talaka, ya yi gyara mai tsawo, ya zo adanawa aka hana shi. Sai ya buga :w !sudo tee % > /dev/null. Abin da ya faru shi ne, Vim bai rubuta fayil ɗin da kansa ba, ya zuba rubutun ne a bakin wata 'yar manhaja mai suna tee, wadda sudo ta ɗaga, ita ce ta rubuta. Alamar % tana wakiltar sunan fayil ɗin. Mai tambaya zai ce, don me ba a yi amfani da alamar > kai tsaye ba? Domin zauren talaka ne yake buɗe fayil ɗin da > ta nuna, tun kafin a haifi sudo, sai a hana shi. Ikon ya zauna a hannun tee na ƙiftawar ido, ya yi aiki ɗaya, ya tafi. A ganinmu, duk da munin siffarta, wannan dabara ta fi sudo vi tsabta nesa ba kusa ba.

5.0 Hanyar TRAMP

Emacs yana da hanya ta uku wadda ta cancanci mu daɗe a kanta, domin ita ce mafi daɗin aiki, kuma ita ce mafi saurin ruɗar mai ita. TRAMP wani sashe ne da Kai Grossjohann, Bajamushe, ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1990, aka shigar da shi cikin Emacs a fitowa ta 22.1 a 2007, Michael Albinus kuma ya daɗe yana kula da shi. An yi shi ne don a gyara fayilolin da ke kan wata na'ura mai nisa kamar suna nan kusa. Hikimar da aka yi ita ce aka ɗauki root tamkar wata na'ura mai nisa. Idan mutum ya buga C-x C-f, ya rubuta /sudo::/etc/hosts, TRAMP zai buɗe wani zaure a ɓoye, ya kira sudo a ciki, ya karɓi kalmar sirri ya miƙa, sa'an nan duk karatu da rubutun wannan fayil ya riƙa bi ta wannan zaure. Emacs kansa yana nan talaka.

Buɗe zauren umarni daga nan abu ne mai sauƙi. Kowane allo a Emacs, watau wurin da yake shimfiɗa rubutu kafin a adana, yana da jakar da yake ɗauka a matsayin mazauninsa. Allon da aka buɗe ta TRAMP mazauninsa /sudo:root@na'ura:/etc/ ne. Idan aka buga M-x shell daga wannan allo, Emacs zai duba mazaunin, ya ga na root ne, ya buɗe zauren a can. Wanda ba ya son ya fara buɗe fayil yana iya buga M-x cd, a tambaye shi jaka, ya rubuta /sudo::/, sa'an nan ya buga M-x shell. Har ana iya haɗa zango biyu, a rubuta /ssh:malam@sabar|sudo::/etc/, watau a fara shiga wata na'ura ta ssh, sa'an nan a nemi iko a can. Daga Emacs 27.1 na 2020 ne aka daidaita cewa zango na biyu, in ba a ambaci sunan na'ura ba, yana nufin na'urar zangon farko. A tsofaffin fitowa sai an rubuta sunan sau biyu, in ba haka ba a sami rikici.

Amma fa nan ne gizo yake saƙa. Ba M-x shell kaɗai ne yake duba mazaunin allo ba. M-!, mai gudanar da umarni guda, yana dubawa, M-x compile yana dubawa, M-x grep ma haka. Mutum ya buɗe fayil na root da safe, ya manta da allon, can anjima ya komo kansa ya buga M-! don ya share wasu fayiloli, yana tsammanin a gidansa yake. Umarnin zai tafi da ikon root, a cikin /etc, babu alamar # da za ta faɗakar da shi. Watau an sami wani sabon gado, wanda ba na uwa da ɗa ba ne, na mazauni ne, kuma ya fi na farko ɓoyuwa. Alamar da ake da ita ɗaya ce, 'yar @ da take fitowa a layin bayani na ƙasan allo, ita kuwa ido yakan saba da ita har ya daina ganinta.

Abu na biyu shi ne ɓoyayyen zauren nan. Muddin yana raye, kowace manhajar Lisp da ke gudana cikin Emacs tana iya amfani da shi ba tare da kalmar sirri ba, sai kawai ta ambaci sunan fayil mai farawa da /sudo::. Sabo da haka cewa da muka yi Emacs yana nan talaka gaskiya ce a wajen lamba, amma talaka ne wanda hatimin sarki yake aljihunsa. Lalle ko zauren hanya ta biyu bai kuɓuta daga wannan ba gaba ɗaya, domin edita yana iya tura rubutu cikin kowane zaure da ya buɗe, sai dai shi wancan a fili yake, ana ganinsa, ana rufe shi da exit. Masu TRAMP sun yi gyara biyu a kan wannan a fitowa ta 27.1. Na farko, haɗin sudo yana mutuwa bayan minti 5, sai an sake ba da kalmar sirri. Na biyu, sun ƙara wata hanya mai suna /sudoedit::, wadda ba ta ajiye zaure a ɓoye ko kaɗan, kowane karatu ko rubutu da kiran sudo nasa daban. Farashinta shi ne ba a iya buɗe zauren umarni ta cikinta, kuma da gangan aka yi haka. Shawararmu ga mai gyaran fayil kurum ita ce ya bi ta nan, in kuwa zaure yake so, ya buɗe ta /sudo::, in ya gama ya buga M-x tramp-cleanup-all-connections ya kuma rufe allunan.

6.0 Idan Ikon na Aro Ne

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu ya shafi mutumin da na'urar tasa ce, ko aka riga aka ba shi cikakken iko, haɗarinsa kuskure ne da aibin manhaja. Al'amarin ya fi tsanani idan an so a ba mutum iko kaɗan ne, kuma wannan shi ne halin da malami yake samun kansa a ɗakin gwaji, inda ɗalibai da yawa suke tarayya a kan na'ura ɗaya mai ɗauke da ayyukansu duka, wani lokaci har da makin jarrabawa. A ce malami yana so ɗalibai su koyi gyaran /etc/hosts, sai ya rubuta a cikin sudoers cewa an yarje wa ƙungiyar ɗalibai su gudanar da /usr/bin/vi /etc/hosts. A zuciyarsa fayil ɗaya ya ba su. A haƙiƙa ya ba su na'urar ne ɗungurungum, domin ɗalibi zai buɗe fayil ɗin kamar yadda aka yarje masa, ya buga haruffa uku, :sh, ya tsinci kansa root. Bai fasa kome ba, bai saci kalmar sirrin kowa ba. An ba shi makullin shago, ashe shagon yana da ƙofa ta baya mai shiga cikin gida.

An yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa ta hanyoyi dabam-dabam. Akwai rvim, nau'in Vim da aka hana buɗe zaure. Akwai alamar NOEXEC da ake sakawa a sudoers, mai hana manhajar da aka ɗaga ta haifi wata. Dukansu biyu sun rufe ƙofar zaure, amma sun bar wata a buɗe: edita mai ikon root yana iya buɗe kowane fayil. Ɗalibin zai buga :e /etc/sudoers, ya rubuta wa kansa duk ikon da yake so, ya adana, ya fita ya shigo ta babbar ƙofa. Littafin jagora na sudo kansa ya yi gargaɗi a kan haka.

Maganin da ya kama tushen ciwon shi ne sudoedit, wanda ya shigo da sudo 1.6.8 a 2004. Aikinsa mataki uku ne. Sudo tana kwafe fayil ɗin zuwa wurin wucin gadi ta mallaka wa talakan, ta buɗe masa editan da ya zaɓa da lambarsa ta talaka, in ya gama ya fita ta mayar da kwafin a kan na asali. Editan bai taɓa riƙe iko ba ko na daƙiƙa ɗaya. In ɗalibi ya buga :sh, zaure zai buɗe, amma da alamar $, zauren talaka. Wannan shi ne abin da Jerome Saltzer da Michael Schroeder na MIT suka tsara a maƙalarsu ta 1975 a kan tsaron bayanai cikin kwamfuta, inda suka kawo ƙa'idar cewa kowace manhaja da kowane mai aiki a ba shi mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa. Abin mamaki, an yi kusan shekara 30 kafin ƙa'idar ta iso ga wannan ɗan ƙaramin lungu.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A watan Janairu na 2021 kamfanin Qualys ya bayyana wani aibi a cikin sudo wanda ake kaiwa gare shi ta sudoedit, wanda ya kwanta tun 2011 ba a gani ba, kuma yana ba kowane talaka ikon root ko da sunansa ba ya cikin sudoers. An gyara shi a 1.9.5p2. A Janairun 2023 kuma masu bincike na kamfanin Synacktiv na Faransa suka nuna wani, wanda ya fi kusa da zancenmu. Sudoedit yana barin mai aiki ya faɗi editan da yake so ta wani suna a muhallinsa, EDITOR. Suka ga cewa idan aka rubuta sunan edita, aka bi shi da karan tsaye-kwance biyu, watau --, sa'an nan sunan wani fayil, sudo takan ruɗe ta ɗauki wannan fayil a cikin waɗanda aka yarje a gyara. Aibin ya shafi fitowa daga 1.8.0 har 1.9.12p1, aka toshe shi a 1.9.12p2. Ba mu ɗauki waɗannan a matsayin hujjar komawa ga sudo vi ba. Aibin sudoedit kuskure ne na rubutu wanda ake gyarawa ya wuce, na sudo vi kuwa haka aka gina shi, babu fitowar da za ta kawar da shi. Abin da suka wajabta shi ne mai kula da ɗaki ya buga sudo -V ya ga wace fitowa ce a na'urarsa, musamman a wuraren da tsadar intanet take sa a shekara ba a sabunta manhaja ba.

7.0 Abin da Rajista Take Gani

Sauran batu guda, wanda ya shafi amana tsakanin abokan aiki. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka fi son sudo a kan su shi ne tana rubuta kowane umarni a rajista, da sunan wanda ya ba da shi da lokacin. Idan mutum uku suna kula da na'ura ɗaya, wani abu ya lalace, rajista ce take raba gardama. To amma rajistar abin da sudo ta tayar da hannunta kaɗai take gani. Wanda ya buga sudo -i, layi ɗaya za a rubuta masa, cewa ya buɗe zaure, duk abin da ya aikata a ciki, ko umarni 200 ne, gado ne, ba ya bi ta gaban sudo. Wanda ya bi ta sudo vi sa'an nan :sh, nasa ya fi muni, domin rajista za ta ce gyaran /etc/hosts ya yi, alhali ya zaga gari. Na TRAMP ma zauren da aka buɗe ne kawai zai fito, ba za a ga ko sunan fayil ɗin da aka taɓa ba.

Ana iya ƙara wa sudo ido. Da log_input da log_output tana naɗe duk abin da aka buga da abin da ya fito, a sake kallonsa daga baya da sudoreplay, kuma daga fitowa ta 1.9.8 a 2021 akwai log_subcmds, mai rubuta umarnin da 'ya'ya da jikoki suka gudanar. Amma wanda ya riga ya zama root yana iya goge rajistar da ke kan na'urar da yake mulki, sai fa idan ana aika ta zuwa wata na'ura daban a lokacin da ake rubuta ta. A ɗakin da ba shi da na'ura ta biyu, abin da ya rage shi ne al'ada: mai aiki ya buɗe zauren talaka a cikin editansa, ya riƙa sa sudo a gaban kowane umarni da yake bukatarta, ɗaya bayan ɗaya. Ba zai gaji da buga kalmar sirri ba, domin sudo tana tuna shi na minti 5, a Ubuntu ma 15, kuma kowane umarni zai sami layinsa a rajista da sunan mai shi.